Kada ki jira sai ya taka: abin da na koya wajen rainon yarinya mai lalurar ƙwaƙwalwa

'Yar farina ce, saboda haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Bana ta cika shekara goma. Ba ta tafiya, ba ta zama sai da abin jingina, kalmomin da ke fita daga bakinta ba su kai ashirin ba. Kwana biyu na yi ina naƙudarta, da ta faɗo kuma ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama da ita. A asibiti CP za ki ji suna kiran wannan lalura, wato cerebral palsy da Turanci. A unguwa kuwa babu sunan da ban ji ba. Wasu sun ce shan inna ce, wata tsohuwa ma a gabana ta ce 'yar ruwa ce, a kai ta bakin kogi ta koma wurin danginta. Shan inna cuta ce daban, maganar ruwa kuma zance ne kawai. CP rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwar yaro tun tana ɗanya, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa, ya taɓa wurin da ke juya motsin jiki. Doguwar naƙuda na kawo shi, haka shawarar da ta yi wa jariri yawa ba a garzaya asibiti ba, haka sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, da haihuwar bakwaini. Cikin jarirai 1000 akan sami 2 zuwa 3. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya warkewa, ba a kuma ɗaukarsa a jikin wani.

Shekara huɗu na farko buri ɗaya na sa a gaba: ta taka. 'Yan kunnena na zinare sun tafi a kan haka, keken ɗinkina ya bi su. An yi hayaƙi, an yi shafe-shafe, an ba ta jiƙe-jiƙen da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Wata rana a ɗakin gashi na asibiti, inda ake motsa gaɓoɓi, ina ta tambayar ma'aikaciyar yaushe za ta fara tafiya, sai ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Maman yarinya, me ke sa ta dariya?" Na buɗe baki, na rasa amsa. Na san kwanan kowane magani, na san kuɗin kowane boka, amma ban san abin da ke faranta wa 'yata rai ba. A cikin adaidaita na yi ta kuka har gida.

Ni malamar firamare ce, sai na shiga karance-karance. A 2007 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da wani bincike da aka yi a kan yara 818 masu wannan lalura a ƙasashen Turai, 'yan shekara 8 zuwa 12. Yara 500 daga ciki sun iya amsa tambayoyi da kansu. Da aka tambaye su yadda suke jin rayuwarsu, sai amsarsu ta zo kusan daidai da ta sauran yara. Abin da ya fi rage musu walwala ta kowane ɓangare shi ne ciwo. Da aka sake bibiyarsu bayan sun girma, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna ciwon da aka sha tun yarinta da damuwar da iyaye ke ciki suna bin yaro har samartaka, kuma inda suka fi baya shi ne samun abokai. Turai daban, Kano daban, na sani. Amma da na duba cikin gidana, abin da na gani ke nan.

Fara da neman inda ke masa ciwo

Cikin yara huɗu masu wannan lalura, uku na fama da ciwo a jiki, kuma da yawansu ba su da bakin faɗa. Mu kuma sai mu ce rigima ce, ko "haka halinsa yake". Yaron da ya kwana yana kuka ba hali ba ne, wani abu ne ke cinsa.

Ki mayar da lokacin wanka lokacin bincike. Ki duba dunduniya, ƙeya, gefen ƙugu, da ƙashin nan na ƙarshen gadon baya. A fatarmu gyambon kwanciya ba ya fara nuna ja sosai, sai dai ki ga wurin ya ƙara duhu, yana sheƙi, ko ya fi sauran jiki ɗumi. In kin ga haka, kada ya sake kwanciya a kan wurin sai ya baje. Ki buɗa bakinsa ki leƙa haƙora da dasashi, domin maganin ruwa mai zaƙi da kunu mai sukari da daddare suna cinye haƙori, yaron da ba ya tauna sosai kuma datti na maƙale masa. Ki riƙa lissafin bayan gida. In ya kwana uku bai yi ba, ko yana fita kamar kashin awaki, wannan kaɗai ya isa ya hana shi barci ya kuma ƙara masa sandarewa. Gwanda, lemo, miyar kuɓewa, zogale da ruwa isasshe su ne suka taimake mu, sai shafa ciki a hankali daga ƙasan dama zuwa sama, a tsallaka, a gangaro ta hagu. In duk ba su yi ba, akwai maganin da likita ke rubutawa. Kukan da ke zuwa bayan cin abinci, yana bankarewa, sau da yawa ƙwannafi ne.

Ƙugu kuwa shi ne wanda ban so ki yi sakaci da shi kamar yadda na yi. Jijiyoyin cinya da suka sandare suna jan kan ƙashin cinya a hankali har ya zame daga gurbinsa, kuma kusan ɗaya cikin uku na yaran nan na samun haka, musamman waɗanda ba sa tafiya. Alamarsa: yaro ya fasa ihu in kin buɗa ƙafafunsa za ki yi masa tsarki, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Amma kada ki jira alama. Tun yana kamar shekara biyu ki roƙi a ɗauki hoton ƙugu, ki kuma tambayi lokacin da za a maimaita. A ƙasar Suwidin sun fara wannan bibiya a 1994, gocewar ƙugu ta sauko daga yara 8 cikin 100 zuwa ƙasa da ɗaya. Mu da ke Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga na Malam Aminu Kano, duk ana yin hoton.

Ɗaga shi daga tabarma

Shekara uku 'yata na kwance a ɗaki, abin da take gani a duniya silin ne da fanka. Yaron da ke kwance ba ya ganin fuskokin mutane, hannunsa ba ya samun aiki, numfashi da haɗiya duk sun fi masa wuya. Ba sai kin mallaki keken guragu na dubban ɗaruruwa ba. Kujerarta ta farko da kwali aka yi. Ana jera kwali fale-fale, a manne da dafaffen ƙullun fulawa, a lulluɓe da takardar buhun siminti, a shanya ya bushe ƙarau, a shafa fenti. A Zimbabuwe aka fara wannan dabara, kuma in an yi da kyau tana ɗaukar yaro shekara da shekaru muddin ba ta jiƙe ba. Kafinta ma zai iya yi miki ta katako, amma ki je da yaron a auna, in da hali ma'aikacin gashi ya zana masa.

Abin da za ki tabbatar: mazaunansa sun kai can ƙarshen kujera, gwiwa ta lanƙwashe daidai, tafin ƙafa na taka wani abu ba yana reto ba, akwai ɗan tudu tsakanin cinyoyi in ƙafafunsa na harɗewa kamar almakashi, sannan faifan katako a gabansa daidai gwiwar hannu inda zai ɗora hannuwa ya yi wasa. Kada ya wuce awa biyu a yanayi ɗaya. A zaunar, a kwantar rub da ciki da naɗaɗɗen zani a ƙarƙashin ƙirji, a juya gefe, a tsayar a abin tsayuwa in an ba ki izini. Keken koyon tafiya na jarirai ki bar shi, ɗage kawai yake koya musu.

Goyo kuwa alheri ne da muka gada ba mu sani ba. Yana buɗa cinyoyi, yana sa yaro riƙe wuya, yana kai shi inda mutane suke. Sai dai yaro na girma, bayanki kuma ɗaya ne.

Abinci, da maganar ɗura

A nan na fi shan wuya, a nan kuma na fi ganin canji. Da, kwantar da ita nake a cinya, kai ya yi baya, in tara kunu a tafin hannu in ɗura mata, kamar yadda na ga ana yi wa kowane yaro mai ƙin ci. Sau uku aka kwantar da mu da limoniya kafin wata nas ta ce in nuna mata yadda nake ba ta abinci. Tana gani ta riƙe hannuna. Yaron nan haɗiyarsa ba ta da saiti. In kai ya yi baya, hanyar iska a buɗe take, kunu sai ya bi ta can ya sauka a huhu. Ki gwada shan ruwa kina kallon sama, za ki gane. Don Allah, ko kaka ce ta ce a yi, kada a yi masa ɗura.

Ga yadda nake yi yanzu. Ina zaunar da ita tsaf a kujerarta, in zauna a gabanta daidai tsayin idonta, don kada ta ɗaga kai nemana. Haɓa ta ɗan sunkuyo. Cokali ƙarami na roba mai ƙarfi, rabi kawai nake cikawa. In nuna mata, in ce "ga shi nan", in jira ta buɗe da kanta. In ɗora shi a tsakiyar harshe in ɗan danna, in zare a miƙe, ban kankare a haƙoran sama ba. In ta datse cokalin ba na ja, ina jira ta saki. Ba na ƙara wani sai na ga maƙogwaro ya motsa. In muƙamuƙi na rawa, ina tallafe shi da yatsa ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a ƙasan leɓe. Kofinta na roba na yanke gefe ɗaya saboda hanci ya sami wuri, ta sha ba tare da ta ɗaga kai ba. Bayan ta gama tana zaune rabin awa kafin a kwantar.

Abu mai kauri sumul ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya, wanda ya fi wahala kuma shi ne gauraye, kamar shinkafa a cikin romo. Cikinsu ƙarami ne, sandarewa kuma na cin ƙarfi, don haka kowane cokali ya zama mai amfani. Kunun gyaɗa mai kauri, faten wake da aka dame, dankalin Hausa da ƙwai, ayaba da kindirmo, tuwo mai laushi da miyar kuka da garin busasshen kifi, a zuba cokalin man gyaɗa ko manja a kai. Sau biyar ko shida a rana, kowanne kada ya wuce rabin awa, don in ya gaji haɗiyar ƙara lalacewa take. In kin ga yana tari a kan abinci, ido na kawo ruwa, murya ta koma kamar mai kurkure, ko ƙirji na yawan kama shi, ki gaya wa likita a fili cewa yana ƙwarewa. A riƙa auna nauyinsa duk wata, a rubuta.

Gashi da magani

Ki je gashi, amma ki san abin da kika je nema. Ba ya gyara ƙwaƙwalwa. Yana hana gaɓoɓi ƙagewa, yana koya wa yaro amfani da abin da yake da shi, kuma mafi yawan aikin a gida ne, a hannunki. Miƙa gaɓa a hankali ake yi, a riƙe, a saki. In yana ihu kin wuce gona da iri. Abin da kuma yaro ya fi saurin koya shi ne wanda shi da kansa yake so. Wata shida ana fama da 'yata ta buɗe hannun dama ba ta buɗe ba, ranar da ƙaninta ya ajiye mata ganga a faifan kujera ta miƙa shi.

Ki tambayi ma'aikacin gashi matakin da yaronki yake. Tun 1997 masana a Kanada suka kasa yaran nan mataki biyar, daga na 1 mai tafiya ba matsala zuwa na 5 wanda ko wuya ba ya riƙewa, kuma galibi yaro a matakinsa yake zama. Yaron da ya iya zama da kansa kafin shekara biyu, akasari yakan taka. Tawa a mataki na 4 take. Ranar da aka gaya mini na yi baƙin ciki, amma daga ranar na daina ba masu alkawarin "sati uku za ta miƙe" kuɗina.

Ɗaya cikin huɗu na da farfaɗiya. In an ɗora shi a magani, kada ki tsayar don kin ga sauƙi, kada kuma ki bari ya ƙare kafin ki sayi wani, yankewa farat ɗaya na tayar da jijjiga mai tsanani. In ta taso, kwantar da shi a gefe, kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ba shi ruwa, kada a yi hayaƙi. Ki duba agogo. Ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Ki tambaye shi, ki jira amsa

Kusan rabin yaran nan hankalinsu daidai yake da na kowa, jikin ne ba ya bin umarni. Ko wanda fahimtarsa ta ragu, yana da abin da yake so da wanda ba ya so. Ku fara da "e" da "a'a". Mu a gidanmu kallon sama e ne, juya kai gefe a'a. Sai ki ɗaga abu biyu, riga ja da shuɗiya, ki ce wacce, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana. Jiran nan ya fi komai wuya, don bakinmu na riga nasu. Daga baya na manna hotuna a kwali: kofi, fo, gado, rediyo, hoton babanta, hoton ƙofar gida. Ranar da ta fara nuna fo da ido, wankin da nake yi ya ragu da rabi, ita kuma na ga yadda ta ji da kanta. A duba masa ji da gani, musamman in shawara ce sila, don tana taɓa kunne.

A nan dole na ajiye alkunya. An raine ni a kan cewa uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido. To wannan in ban kalli idonta ba, ta ina zan ji maganarta? Surukata da kanta ta ce, "Ke, yi wa 'yarki magana, wannan kunyar ba ta nan ba ce." Allah ya saka mata da alheri. Sunan ne kawai har yau na kasa.

Fito da shi

Da la'asar kujerarta a zaure take. Na sa mata farantin alewa da gyaɗa a gaba, yaran unguwa na zuwa saye, ita ke gadi, in wani ya ɗauka bai ajiye kuɗi ba duk layin sai ya ji. Da farko tsayawa suke suna kallo. Na gaya musu sau ɗaya: ba a ɗauka, tana jin duk abin da kuke faɗa, ku gaishe ta. Yara ba su da wuyar sha'ani, manya ne masu ita. Ana yi mata kitso da lalle, ana ɗinka mata ankon biki, kuma ita ke zaɓen atamfarta ta Sallah. Dalalar miyau ba dalilin ɓoye yaro ba ce, ɗan kyalle mai kyau a wuya da ake canzawa ya wadatar.

Makaranta biyu suka mayar da mu, ɗaya ta ce iyaye za su janye 'ya'yansu. Ki sani dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu ba tare da tsangwama ba, kyauta har sakandare, kuma akwai hukumar ƙasa da aka kafa a 2020 don kula da hakan. Ba kowane shugaban makaranta ya san da ita ba, ki faɗa masa cikin ladabi. Mu a ƙarshe islamiyyar bayan gidanmu ce ta fara karɓarta. Malamin ya ce a kawo ta da kujerarta. In ana bita, sautinta na bin na sauran, kuma in wani ya yi tsallake a sura takan daki faifan kujera.

Ke kuma fa

Bayana ya riƙe shekara biyu da suka wuce, na yi sati uku ban iya ɗaga ta ba. Ki durƙusa da gwiwa, ki manna shi a jikinki, sannan ki miƙe, kada ki sunkuya ki sungumo. Ki koya wa aƙalla mutum biyu a gidan yadda ake ba shi abinci da magani, tun kina lafiya. 'Yan'uwansa su taimaka, amma kada a cire yarinya daga makaranta don ta zama mai raino. Matan da kike haɗuwa da su a layin gashi ki karɓi lambarsu. Mu takwas ne, muna da adashi da zaure a WhatsApp, a nan na koyi yanka kofi, a nan ake ba da kujerar da yaro ya fi ƙarfinta ga na baya. In kin ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kuka ba dalili, ki gaya wa likitan da ke duba yaron, ke ma a duba ki.

Iyaye maza, ku ma ina da magana da ku. Na san mata uku da aka saka saboda an ce daga danginsu abin ya fito. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba. Maigidana bai iya ba da abinci ba har yau, amma kullum bayan magariba shi ke ɗaukarta ya zaga da ita tsakar gida yana ba ta labarin kasuwa, ni kuma in sami rabin awa in yi wanka a natse. Tana gane ƙarar babur ɗinsa tun daga bakin layi.

Kujerar yanzu ta yi mata kaɗan, gwiwoyinta sun fara tokare faifan. Na gaya wa mai shagon kusa da mu ya riƙa ajiye mini kwalayen taliya, masu kaurin. Na tambaye ta launin fentin da za a shafa wa sabuwar, na ɗaga kore da ruwan hoda. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya kai gefe, duka biyun ba ta so. Gobe zan aro wasu launukan a makaranta in sake kawo mata.